Fim ɗaya, hidima uku: sinima, talabijin da faifai a Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu cewa a aiko musu da faifan The Rocky Horror Picture Show daga nan Amurka, ku fara sanin me kuke nema. Guda biyu ne. Na asali ya fito a 1975, fim na waƙe-waƙe da ban tsoro da aka ɗauko daga wasan dandamali na Richard O'Brien na 1973 a Landan. Na biyun tashar Fox ce ta sake yinsa, ta nuna ranar 20 ga Oktoba, 2016, Kenny Ortega ya ba da umarni. Laverne Cox ta hau matsayin da Tim Curry ya yi fice da shi, shi kuma Curry aka ba shi mai ba da labari. Dukkansu ba na zama da yara ba ne. Na 1975 yana da tambarin R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba.

Abin da Ba'amurke yake biya a gidan sinima ba hoton ba ne, taron ne. Tun Afrilun 1976 a gidan Waverly na New York aka fara nuna shi da sha biyun dare, kuma har yau wasu gidajen suna yi, musamman a Oktoba. 'Yan wasa na tsaye a gaban allo suna kwaikwayon kowane motsi, masu kallo na mayar wa jarumai magana da ƙarfi. A ƙofa ana sayar da ƙunshin kaya: jarida da za a rufe kai lokacin da ake ruwan sama a cikin fim ɗin, bindigar ruwa, safar hannu ta roba, katin karta, takardar banɗaki. Shinkafar da ake watsawa idan an zo wurin ɗaurin aure a fim ɗin kuwa gidaje da yawa sun hana, saboda wahalar shara da ɓeraye.

Na Fox bai da wannan. Sun gane haka, har suka saka 'yan kallo na shiri a cikin fim ɗin suna ihu, amma ihun da aka rubuta wa mutum ba ya kama jiki. Ga kuma dokar FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, da ta taƙaita batsa a tashoshin da ake kamawa da eriya daga shida na safe zuwa goma na dare, shirin kuwa da takwas aka sa shi. Sai aka wanke shi fes, talla kuma tana katse shi. Muryoyin suna da kyau, kayan sawa sun ci kuɗi, amma a ganina ƙarfin ya tafi. Fa'idarsa ɗaya, kyauta aka kalla, domin Fox tana shiga da ƙaramar eriya ta ɗaki, babu kuɗin wata.

Yanzu batun aike, inda kuɗi ke salwanta. An raba faifan DVD zuwa yankunan duniya: na Amurka yanki na 1 ne, Nijeriya da Nijar suna yanki na 5. Na'urar da aka kulle a kan yankinmu za ta ƙi shi. Yawancin na'urorin China na kasuwar Sabon Gari suna karɓar kowane yanki, amma a gwada kafin a biya. Tsarin hoton Amurka NTSC ne, namu na gida PAL, don haka tsohuwar talabijin na iya nuna shi baƙi da fari ko yana birgima. Kada a ce a aiko da talabijin daga nan tare da faifan. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 a bayanta ba, ana jona ta babu transfoma mai rage wuta za ta ƙone. Ko ta tsira, tsarin kama tasha na nan ATSC ne, ba zai kama tashoshin gida ba sai an haɗa mata dikoda ta ramin HDMI.