Kwalba mai launin shuni a Kanada

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ku da su Inna kuna lafiya. Ka ce in riƙa ba ku labarin kayan da ake sayarwa a nan, to ga na yau.

A gidan abincin da nake aiki a Biktoriya, can yammacin Kanada, akwai wata giya irin wadda suke kira jin, sunanta Empress 1908. Ka san ni da giya sai kallo, amma wannan dole ido ya tsaya a kanta. Shuɗiya ce mai duhu, kamar zanen da aka tsamo daga marinar Ƙofar Mata. Da an matsa mata lemun tsami ko an zuba ruwan tonik, wani lemon kwalba mai ɗan ɗaci, nan take sai ta koma ruwan hoda.

Ba rini ba ne. Furen wani wake ne mai yaɗo da ya yi yawa a ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, wanda mutanen Tailan ke shan shayinsa. Sinadarin da ke ba shi launi dangin na zoɓo ne. Ka tuna yadda zoɓon Inna ke yin duhu idan ta jefa kanwa? Abin da ke faruwa ke nan, tsami na ja shi wajen ja, kanwa na mai da shi baya.

Sunan kuwa daga otal ɗin Empress ya samo asali, wanda aka buɗe a 1908 a bakin tashar jiragen ruwa, ya kuma shahara da shayin la'asar. A garin Sidney da ke kusa ake yin ta tun 2017. Cikin kayan haɗinta akwai baƙin ganyen shayi, citta, kirfa, furen wardi, ɓawon wani babban lemo mai ɗaci, da 'ya'yan itacen junifa, waɗanda in babu su ba a kiran giya jin. Idan ina wanke kofuna, ƙamshin citta da kirfa nake fara ji, kamar teburin mai shayi da asuba. Masu sha sun ce tana da laushi a baki, duk da ƙarfinta ya kai kashi 42.5 cikin ɗari. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 19 ba, kuma in an yi shakka sai ka nuna katin shaida.

Abin da ke damuna, Yaya, shi ne cittar Kachiya da zoɓon Jigawa suna fita waje buhu-buhu, babu suna babu labari. Su kuwa nan ɗan kaɗan suke ɗiba, su sa a kwalba mai kyau, su jingina mata tarihin otal, baƙi na saye suna kai tsaraba.

Na samu busasshen furen a shagon 'yan Asiya, ba ruwansa da giya. Zan aiko muku da ƙulli ɗaya. Ku jiƙa a ruwan zafi, ku tara yara, sannan ku matsa lemun tsami a gabansu.