Hattara mutanen Zariya: masu tallar "Umara da yawon teku" sun shigo gari

Jama'ar Zazzau, assalamu alaikum. Kwana uku ina jan ƙafa kan wannan rubutu, saboda yayata ta ce kada in tona mata asiri. Jiya bayan isha'i ita da kanta ta kira ni ta ce in rubuta, in dai ba zan ambaci sunanta ba, don ta samu labarin tallar ta isa wata Islamiyyar matan aure a Gyallesu, har wasu sun fara haɗa kuɗi. To ga shi.

Wasu mutane ne ke yawo da talla a WhatsApp da Facebook, sun raɗa mata suna "Umara da yawon teku". Wai kwana 10 tsakanin Makka da Madina, daga nan a kwashe ku zuwa Jidda ku shiga babban jirgin ruwa na shaƙatawa, kwana 4 a Bahar Maliya, a leƙa Masar a dawo. Kuɗin jirgin sama, masauki, abinci, biza, duka a naira miliyan 2 da dubu 400. Kafin alƙalami dubu 700, ragowar a riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Bidiyon da suke turawa kuwa ba a magana: jirgi fari fat kamar an ɗora unguwa guda a kan ruwa, teburan abinci iya ganinka, ga sautin talbiyya an ɗora a kai. Jirgin na gaske ne, a intanet suka kwaso hotonsa. Wanda ya turo bidiyon ne ko kwale-kwale bai mallaka ba.

Yayata malamar firamare ce, shekara 35 tana riƙe da alli, bara ta yi ritaya. Da ɗan abin da ya shigo hannunta ta ce Umara za ta fara yi kafin komai. Ita da ƙawayenta biyar na adashi suka biya kafin alƙalamin, babu wadda ta shawarci kowa a gida, don ejan ɗin ya ce gurbi shida kacal ya rage kuma ranar Juma'a za a rufe.

Ni ban sani ba sai ranar da na biya gidanta a Tudun Jukun bayan magariba. Ta zubo mini tuwo, ta shiga ɗaki ta fito da wata rigar ruwa mai ruwan goro, irin wadda ake ɗaurawa kada a nutse, tana dariya. Ta ce, "Auta, ba kai kaɗai ka san teku ba yanzu." Dubu 25 suka sayar mata da rigar, wai dole kowane fasinja ya zo da tasa. Nan gabana ya faɗi, na ajiye lomar da na ɗauko. Na ce, "Yaya, ina tikitin?" Ta miƙo mini waya.

Hoto ne aka tsara shi da kyau, ga tambarin anga, ga zanen igiyar ruwa. A wurin suna an rubuta "Hajiya" sannan sunanta na gida, ba wanda ke cikin fasfo ba. Wurin ɗaki an sa "VIP 1". Babu sunan jirgi, babu lambar kama ɗaki. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wurin tashi, inda aka rubuta tashar jiragen ruwa ta Makka. Makka da ke tsakiyar duwatsu! Daga can zuwa bakin teku a Jidda sai ka yi tafiyar kilomita 70 da wani abu a mota.

Kada ku ce ina cika baki. Ni ɗan kasuwa ne, kayan waya nake sarowa daga Dubai, kuma sau ɗaya tak na taɓa shiga irin wannan jirgi, wata shekara da ciniki ya yi albarka na ɗauki uwargida muka yi mako guda: Dubai, Abu Dhabi, Doha, Baharain, muka dawo Dubai. Sau ɗayan nan ya ishe ni in gane ƙarya idan na gan ta. Kuma ban ga laifin yayata ba. Mu nan jirgin sama muka sani, kullum na ɗaliban kwalejin koyon tuƙi yana shawagi a kanmu, amma babban ruwan da yawancinmu muka taɓa gani bai wuce Galma da dam ɗin Kubanni ba. Da wannan rashin sanin suke cin kasuwarsu.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne an gina ta kan gaskiya. Tabbas jiragen shaƙatawa na tashi daga Jidda. Kamfanin MSC ya fara a 2021, sannan Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna AROYA a watan Disambar 2024. Ana tashi daga Dubai da Doha a lokacin sanyi, ana tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu a nufi gaɓar Mozambik, ana tashi daga Barcelona da Genoa a zaga Bahar Rum. Duk wanda ya bincika a waya zai ga haka, sai ya ce ai maganar ejan gaskiya ce.

Ga inda za ka kama su. Duk ɗakin da aka kama maka a jirgin gaske yana da lamba daga kamfanin jirgin kansa. Da wannan lambar da sunanka za ka shiga shafin kamfanin ko manhajarsa ta waya, da hannunka, ka ga sunan jirgin, ranar tashi, tashar da za a hau, garuruwan da za a tsaya, da irin ɗakinka: na ciki marar taga ne, mai taga ne, ko mai baranda. A nan ne kuma za ka cike bayanan fasfonka kafin tafiya a fitar maka da takardar shiga. Ejan na ƙwarai da kansa zai ba ka lambar ya ce je ka duba. Kada kuma ka bi adireshin da shi ya turo maka, don ana ƙirƙirar shafin bogi mai kama da na gaske. Nemo shafin kamfanin da kanka, ko ka sa ɗanka ya nemo maka.

A gaban Yaya na kira mutumin, na buɗe murya kowa na ji. Ya yi sallama mai tsawo, ya tambayi "Hajiya Mama" da jiki. Na ce ni ƙaninta ne, lambar kama ɗaki nake so. Ya ce ai na rukuni ne, lamba ɗaya ce ga kowa, tana wurin oga. Na ce to sunan jirgin fa? Ya ce sai an kusa tafiya kamfani ke sanarwa, saboda tsaro. Na ce bizar Masar fa, tunda za a sauka can? Ga amsar da ya ba ni, Allah shi ne shaida: "Haba Alhaji, ai jirgin ruwa ba ruwansa da biza. A kan ruwa ake, ruwa kuwa na Allah ne."

Ruwa na Allah ne, amma tashar da jirgi zai tsaya ta gwamnati ce. Wannan ita ce babbar ƙaryar, kuma ita ta fi saurin kama mutane. Mai fasfon Najeriya dole ya bi ƙa'idar shiga kowace ƙasa da ke kan hanyar jirgin, kuma nauyin neman bizar a kansa yake, ba a kan kamfanin jirgi ba. In Bahar Rum ne ta ɓangaren Turai, ba ka hawa sai da bizar Shengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai da dama, in kuma jirgin zai fita yankin ya sake shigowa, sai mai izinin shiga fiye da sau ɗaya. Ko ka rantse ba za ka sauka a wata tasha ba, a ɗaki za ka zauna, suna iya hana ka hawa tun daga ƙofa idan takardunka ba su cika ba, kuɗinka kuma ya tafi. Wanda ya shiga Saudiyya don Umara, jirgi ya fita da shi Masar, dawowarsa Jidda sabuwar shiga ce, sai bizarsa ta yarda da hakan. Fasfo kuma ana so ya kasance da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa, a riƙe katin rigakafin shawara a kusa.

Batun rigar ruwa kuwa, ko sisi ba a biya. Jirgi ne ke tanadar wa kowane fasinja, babba da yaro. Kafin a tashi ma sai an nuna wa kowa wurin da zai taru in wani abu ya faru da yadda ake ɗaura rigar, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa. An ƙara tsananta wannan doka bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya cikin Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Duk wanda ya sayar maka da rigar ruwa a Zariya don shiga irin wannan jirgi, bai taɓa taka shi ba.

Sai maganar "komai da komai a ciki". Ko a jirgin gaske ba haka abin yake ba. Kuɗin da ake tallatawa yawanci na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki. In kai kaɗai ne sai ka ƙara. Abincin babban ɗakin cin abinci yana ciki, amma a yawancin jirage lemon kwalba, intanet, wanki, da yawon da ake kai mutane cikin gari duk daban ake biya. Akwai tukwicin ma'aikata da ake rubuta wa kowane fasinja kullum. In ka je wurin likitan jirgi, nan ma kuɗi ne mai zafi, shi ya sa ake yin inshorar tafiya. Ba a kashe tsabar kuɗi a ciki, kati ɗaya za a ba ka, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma ake rubuta bashinka a kai. Ni ranar ƙarshe da aka turo mana lissafi sai da na zauna bakin gado, uwargida na tambaya ko jiri ne. Ejan na gaskiya zai faɗa maka duk wannan tun kafin ka biya, har ya gargaɗe ka cewa in kun sauka gari ka makara, jirgi ba motar Kwangila ba ce da za a ce direba dakata akwai mutum ɗaya. Tafiyarsa zai yi, ka bi shi tasha ta gaba da kuɗin aljihunka. Haka mai juna biyu da ta kai mako 24, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarta, jariri ma sai ya kai wata 6. A cikin ƙawayen Yaya har da wadda aka karɓi kuɗinta da na 'yarta mai tsohon ciki, ba wanda ya tambaya.

Washegari da safe muka tafi ofishin nasu, wani ɗaki a saman bene wajen PZ. Kwaɗo muka tarar a ƙofa, allon tallar ma an cire, sai ƙusoshi. Telan da ke maƙwabtaka da su ya ce wata biyu kawai suka yi, daren jiya ya ga ana fita da kujeru. Ina zaton kiran da na yi ne ya tashe su, kuma wannan ya tsaya mini a rai, da na sani da hukuma na fara zuwa kafin in kira. Lambar a kashe take har yau. Da muka duba rasit, ashe kuɗin ma ba asusun kamfani suka shiga ba, asusun wani mutum ne can daban a ɗaya daga cikin bankunan nan na waya. Sunan kamfanin da ke kan takardar mun neme shi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, babu shi. Mai harkar Umara kuma dole ya kasance da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ejan ɗin tafiye-tafiye na ƙwarai za ka same shi da rajistar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan ɗin tafiye-tafiye ta Najeriya. Duk wannan binciken bai ɗauke mu minti 20 ba, a waya, muna tsaye a ƙofar da aka garƙame.

Matasa ma ku ji, tela ya ce samari sun riƙa hawa benen ana karɓar kuɗinsu wai za a sama musu aiki a jirgin. Dokar ma'aikatan teku ta duniya ta 2006 ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun mai nema. In an ce kawo dubu kaza a sa sunanka, ka riƙe abinka.

Yanzu dai mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun rubuta wa bankin Yaya da bankin da kuɗin suka faɗa, muna kuma haɗa takardar koke zuwa ofishin EFCC na Kaduna. Wanda ya riga ya biya, kada ya goge komai: hirar WhatsApp, saƙon murya, alat, rasit, hoton tikitin bogin, duk a adana, a garzaya banki da wuri tun kuɗin ba su yi nisa ba. Kuma don Allah a daina ɓoyewa saboda kunya. Biyu daga cikin ƙawayen Yaya har yau mazajensu ba su sani ba, shi ya sa suka ƙi sa hannu a takardar koken. Abin da ya fi damuna shi ne su biyun nan sun ba da fasfonsu, wai za a buga biza. Fasfo a hannun ɗan damfara ba ƙaramin abu ba ne; sai an kai rahoto wurin 'yan sanda da hukumar shige da fice an bi matakan ɓatan fasfo. Na Yaya ya tsira ne kawai don ya ƙare aiki, tana jiran sabo.

Rigar ruwan tana nan rataye a ƙusa a tsakar gidanta. Na ce ta kawo a haɗa da shaidu, ta ce in bari sai ranar da aka kira mu. Shekaranjiya na tarar jikokinta sun ɗaura wa ƙaraminsu, sun zaunar da shi cikin bahon wanki suna turawa, wai sun tafi Jidda.