Famfon Insulin Mai Allo Fari-da-Baƙi: Abin da Na Gani a Wata Tara a Argungu

Na shafe shekara goma sha ɗaya ina yi wa kaina allurar insulin, maganin ciwon suga, sau huɗu a rana kafin likitana ya yarda in koma amfani da famfo, wato 'yar na'urar da ake maƙalawa a ƙugu tana tura maganin kaɗan-kaɗan ta siririn tiyo zuwa ƙarƙashin fata dare da rana. Wanda na samu bai kai tafin hannu ba, madannansa huɗu ne, batirinsa ƙwaya ɗaya ne ƙirar AAA, allonsa kuma fari-da-baƙi ne irin na wayoyin da muka fara riƙewa. Ranar da na buɗe kwalinsa raina bai so ba, domin na riga na ga hoton t:slim X2 na kamfanin Tandem mai allon taɓawa da launuka, da MiniMed 780G na Medtronic wanda shi ma allonsa mai launi ne, sai na ji kamar tsohon yayi aka sayar mini. Wata tara da na yi da shi sun sauya mini ra'ayi, ko da yake ba a kan komai ba.

Aikina yana kai ni fadamar shinkafa kusan kullum, kuma duk wanda ya san ranar Afrilu a Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san yadda fuskar waya ke dushewa har sai mutum ya kare ta da hula. Allo mai launi yana dogara ne da fitilar da ke bayansa, don haka dole ya yi gasa da rana, kuma wannan gasar batir take ci. Allon famfona yana mayar da hasken da ya sauka a kansa ne, shi ya sa da tsakar rana, a kan kunya, lambobin suka fi fitowa tar ba tare da fitila ta kunnu ba. Madannan ma sun dace da yanayinmu, domin allon taɓawa ba ya jituwa da yatsa mai gumi, alhali wannan ina jin motsinsa a yatsana ko da hannuna da taɓo.

A nan ne tsimin wuta ya wuce zancen ƙawa. Insulin mai saurin aiki kaɗai ke cikin famfo, babu mai dogon zango da zai riƙe jiki, saboda haka idan na'urar ta mutu, cikin 'yan sa'o'i suga zai hau kuma sinadarin kiton ya fara taruwa a jini, abin da kan kai mutum gadon asibiti. Famfon da ake yi wa caji ta USB yana da kyau ga wanda wuta ba ta yanke masa, amma a unguwarmu, inda akan kwana uku ba a kawo ta ba, na fi natsuwa da batirin da zan cire in saka wani a cikin minti ɗaya. Ƙwaya ɗaya mai kyau tana kai ni mako uku, wani lokaci da ɗoriya. Sai dai sharaɗin shi ne batirin ya kasance alkalin. Na taɓa sayen mai araha na rediyo a kasuwar Jega, irin na kabon da zinki, famfon bai yini da shi ba ya fara kuka. Tun daga ranar nake ajiye biyu masu kyau a aljihu da biyu a gida.

Da dare kuwa labarin ya sha bamban. Fitilar allon takan mutu bayan daƙiƙa 15, kuma wannan bai ishe ni in ƙiyasta sitacin da ke cikin tuwon shinkafa, in duba ma'aunin suga, sannan in shigar da adadin magani ba. Ana iya tsawaita lokacin, amma na lura batirin yakan ragu da kwanaki idan na yi haka, kuma wurin sauyawar yana can cikin jerin zaɓuɓɓuka, inda sabon shiga ba zai gano shi da wuri ba. Abin da ya fi damuna shi ne ɗigon da ke raba lamba. Wani dare na farka jikina yana rawa, na duba maganin ƙarshe da na tura, na karanta yunit 15 alhali 1.5 ne, domin ɗigon bai fi ƙwayar gero ba kuma fitilar ta mutu ina tsakiyar dubawa. Maiɗakina ce ta haska da tocila ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, akwai ɗigo a tsakani." Na'urar da rai ya rataya a kan lambarta bai kamata ta yi rowar wuri ga ɗigo ba, kuma ƙara masa girma ba zai ci wutar a-zo-a-gani ba.

Akwai kuma matsalar harshe. Duk gargaɗin da yake bayarwa, ko na toshewar tiyo ko na ƙarewar magani, da Turanci yake fitowa cikin ƙananan haruffa, kuma sautin kukan kusan ɗaya ne a kunne. Idan ni ne na galabaita, wanda ke kusa da ni shi zai karanta, kuma mahaifiyata ba ta yi boko ba. Famfon YpsoPump, wanda kamfanin Ypsomed da ke Suwizalan ya ƙirƙira, ya bi wata hanya: allonsa na OLED ne, inda kowane ɗigo ke haska kansa kuma baƙin wuri ba ya cin wuta, sannan alamomi yake nunawa maimakon kalmomi. Ban riƙe shi a rana ba, amma tunanin alamomin ya fi dacewa da gidajenmu. Na yaba da cewa nawa yana iya jijjiga maimakon kuka, wanda ya raba ni da jin kunya a sahun sallah.

Allon ba ya faɗa wa mutum cewa zafi ya lalata maganin, kuma insulin da ke cikin famfo ba a so ya wuce digiri 37, don haka nake sa shi ƙarƙashin riga ta ɓangaren inuwa, in kuma canza maganin tare da tiyon duk kwana biyu a lokacin bazara. Kayan canjin suna da tsada, kuma daga Abuja ake aiko mini da su.

Ga manomi, direba ko duk mai yini a waje a yankinmu, wanda idonsa ke gani sosai kuma yake karanta Turanci, ina ba da shawarar wannan nau'in a kan mai launi, bayan ya tattauna da likitansa. Wanda ciwon suga ya riga ya taɓa wa ido kuwa, ya nemi a ba shi famfon ya riƙe a ɗaki mai duhu, ya karanta lamba mai ɗigo da kansa kafin ya biya kuɗi.