SGP ko Greengrants: wanne ya dace da ƙungiyar matan ƙauye?

Hajiya, kin ce ƙungiyarku ta mata na son kafa wurin renon itatuwa da koyar da ginin murhu mai tsimin itace, kuma an ambata miki SGP da Global Greengrants Fund, kin rasa ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. To, ba irin ƙofa ɗaya ba ce.

SGP shirin ba da ƙananan tallafi ne na asusun muhalli na duniya, GEF. An fara shi a 1992, shekarar taron muhalli na Riyo, kuma UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ce ta daɗe tana tafiyar da shi. Yana aiki a Nijeriya da Nijar. Shekaru da dama iyakar tallafinsa dala 50,000 ce, amma galibi abin da aka riƙa bayarwa bai kai haka ba. Ke za ki rubuta buƙata ki miƙa wa ofishin shirin na ƙasarki, kwamitin ƙasa ya zauna ya tantance. A nan ne aikin yake. Sai ƙungiya tana da rajista da asusun banki da sunanta, ba da sunan shugaba ko mijinta ba. Za a so ganin gudummawarku, kuma ba lallai kuɗi ba: filin da mai gari ya ba ku, ɗiban ruwa, kwanakin da mata suka yi suna cika leda da ƙasa, duk ana yi musu ƙima a rubuta. Kuɗin ma kashi-kashi yake zuwa. Sai kun kawo rahoto da rasit na kashin farko kafin a saki na biyu. Ƙungiyar da ba ta da mai riƙe littafin kuɗi za ta sha wuya.

Greengrants kuwa an kafa shi a 1993 a jihar Kolorado ta Amurka, kuma tallafinsa ƙarami ne, kusan dala 5,000. Takardunsa ba su da nauyin na SGP. Sai dai ba ya karɓar buƙatar wanda ya aiko kai tsaye. Yana da masu ba shi shawara a yankuna, har da Afirka ta Yamma, su ke gano ƙungiya su gabatar da ita. Idan ba a san aikinku ba, ba za a zo ba. Ya kuma fi karkata ga masu fafutukar kare filaye da ruwa da haƙƙin mata.

A ganina aikinku ya fi kama da na SGP, domin farfaɗo da ƙasar da ta gaji, da kuma tunkarar sauyin yanayi, suna cikin fannoninsa. Amma kada ku tashi da neman dala 50,000 alhali ko dubu ɗari ta naira ba ku taɓa kashewa da rasit ba. Ku fara da abin da ke hannu, ku ɗauki hotuna, ku rubuta dashe nawa ya kai damina ta biyu.

Wani abu kuma, ko da ba ki tambaya ba: dashe yana cin ruwa, awaki kuma ba sa jin kunyarsa. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suke sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo a gona ana yi masa aski har ya zama bishiya. Ku haɗa shi cikin buƙatarku, ba ya buƙatar leda ko ban ruwa.