Sayen sola a Maraɗi: abin da ya kamata a auna kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya yi watan Agusta na 2023 a Maraɗi bai manta da yadda dare ya koma ba, bayan da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar sakamakon juyin mulkin 26 ga Yuli. Kafin lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar nan daga can yake shigowa, kuma namu rabon yana biyo layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da wutar, amma a tsakanin nan mutane da yawa sun riga sun yanke shawarar cewa ba za su sake jingina gidajensu da shagunansu ga layi ɗaya ba. Wanda ya ɗaga kai yau a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo zai ga farantan sola jere bisa rufi, kuma a babbar kasuwa har mai sayar da fitila da rediyo ya ajiye faranti biyu a ƙofar shago.

Ba a nan kaɗai abin ya bunƙasa ba. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, saboda masana'antun ƙasar Sin, waɗanda a yau suke ƙera sama da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya, sun yi ta faɗaɗa aikinsu har kaya suka fi masu saye yawa. A ƙasarmu ma an buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, aka ƙaddamar da ta Goru Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a 2023. Kuma sanin rana ba baƙo ba ne a Nijar, domin marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana da aka kafa tun 1965. Abin da wannan tarihi ya jawo wa mai saye a yau shi ne faranti ya zama mafi araha a cikin kayan, yayin da batir ya zama inda kuɗi suke shiga, kuma inda suke hallaka idan aka yi kuskure. Saboda haka ina ba da shawarar a fara lissafi daga dare, wato daga abin da gida yake ci bayan faɗuwar rana, sannan a dawo kan rufi.

A ɗauki misalin gida matsakaici. Ƙwan fitila 6 masu wat 10 da suke aiki awa 6 suna cin wat-awa 360, wato yawan ƙwan sau wat ɗinsu sau awannin aiki; fanka 2 masu wat 60 na tsawon awa 10 suna cin 1,200; talabijin mai wat 60 na awa 4 yana cin 240; firji kuma a zafinmu yakan ci kusan 1,200 a yini. Idan aka haɗa da cajin wayoyi, an ɗara wat-awa 3,000 kaɗan, kuma kamar kashi biyu cikin uku na wannan da dare ake cin sa. Wannan lissafi bai fi aikin minti goma da takarda da alƙalami ba, kowane kaya kuma an rubuta ƙarfinsa a bayansa, amma yawancin masu saye ba sa yin sa. Sukan shiga shago su ce a ba su sola da za ta ɗauki gida, mai shago kuwa ya ba su abin da kuɗinsu ya kai, kowa ya rabu da ɗan'uwansa da murna har zuwa daren farko na bazara.

Batir iri uku ne ake samu a kasuwarmu. Akwai na ruwa mai dalma, wanda ake ƙara wa tataccen ruwa lokaci zuwa lokaci. Akwai na jel, wanda shi ma dalma ce a cikinsa amma a rufe yake. Sai na litiyom, musamman nau'in da ake rubuta wa LiFePO4. Abin da mai shago ba ya cika faɗa shi ne lambar da ke jikin batir ba ita ce abin da za a mora ba. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, wato 12 sau 200, amma idan na dalma ne, na ruwa ko na jel, rabin wannan kaɗai ya kamata a sha, domin duk daren da aka tatse shi har ƙasa an rage masa kwana. Ke nan gidan misalinmu yana bukatar irinsa guda biyu, kuma da kyar za su kai shi asuba. Na litiyom kuwa ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cajinsa ba tare da an cutar da shi ba, yana jure caji da saukewa sau dubu uku ko fiye, alhali na dalma a irin wannan aiki ɗaruruwa yake yi, in ya yi ƙoƙari ya haura dubu. Guda ɗaya mai bolt 25.6 da amfiya-awa 100 zai yi aikin waɗancan biyun, kuma yana cika da wuri.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi shafar mu. Ana auna kwanan batirin dalma a kan zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da masu ƙera shi suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwanansa biyu. A Maraɗi cikin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a ɗaki mai rufin kwano. Ni kaina na koyi wannan da kuɗina. Na sayi batiran jel biyu na ajiye su a wani ɗan ɗakin ajiya marar taga, don kada yara su taɓa, kuma kafin su cika shekara biyu fanka ta fara tsayawa tun wajen ƙarfe ɗaya na dare. Da na kira wani dattijo mai gyaran lantarki, ya buɗe ƙofar ɗakin, zafi ya buso masa, ya dafa gefen batir ɗaya wanda ya riga ya kumbura kamar tulu, sannan ya ce da ni: “Malam, wannan ba ajiya ka yi musu ba, gasa su ka yi. Da a zaure ka sa su inda iska take ratsawa, da yanzu suna nan da sauran ƙarfinsu.” Na litiyom ya fi haƙuri da zafi, amma shi ma ba ya son sa, kuma wurin ajiya mai inuwa da iska ba ya cin ko dala.

To wanne za a saya? A ganina, wanda zai dogara da sola kowane dare, kuma yana da firji ko firiza, litiyom ya fi masa sauƙi idan aka raba kuɗin a kan shekaru, ko da yake ranar saye ya fi ciwo. Wanda kuwa yake da wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, abin da yake so kawai shi ne fitila da fanka su ci gaba na awa biyu ko uku idan an ɗauke, batirin dalma mai kyau zai ishe shi, domin ba kullum zai sha wuya ba. Na ruwa ya fi na jel jure zafi muddin akwai mai kula da ruwansa, sai dai yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana. Hanya mafi sauƙi ta gane na dalma na ƙwarai ita ce nauyi: mai amfiya-awa 200 na gaske yakan doshi kilo 60, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin daɗi, kuma wanda yaro ya ɗauko da hannu biyu yana tafe yana hira, dalmar cikinsa ba ta kai abin da aka rubuta ba. Shi kuwa litiyom, a tambaya ko sababbin ƙwayoyi ne a cikinsa, a ga allon da ke nuna yawan caji, a kuma karɓi garanti a rubuce, saboda akwai waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin ƙwayoyi a sa musu sabon akwati.

Game da faranti, ko fano kamar yadda ake ce masa a kasuwa, zaɓi ya yi sauƙi, domin baƙin nan da ake kira mono ya riga ya kori shuɗin foli daga masana'antu, kuma ya fi shi ba da wuta a fili ɗaya. Manyan kamfanoni irin su Jinko, LONGi, Trina da JA Solar suna sa lambar shaida a ƙarƙashin gilashi, inda hannu ba ya kaiwa, kuma ya kamata ta yi daidai da wadda ke kan takardar baya. Masu jabu takardar kawai suke iya canzawa. Girma ma shaida ne: faranti mai wat 550 tsawonsa ya wuce mita 2, faɗinsa ya ɗara mita 1, saboda haka wanda bai kai ƙirjin mutum ba aka rubuta masa 500, ƙarya ce aka liƙa masa. Kada kuma a sa ran samun wat ɗin da aka rubuta gaba ɗaya ko da faranti na gaske ne, domin a kan digiri 25 aka auna shi, a rufinmu kuwa yakan haura 60, kuma kowane digiri yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari. Idan aka ƙara ƙurar hunturu da hasarar waya da ta caji, mai hankali yakan lissafa kashi 70 cikin ɗari na awa 5 na cikakkiyar rana. Da wannan ma'auni gidan misalinmu yana bukatar kamar wat 860, wato farantai biyu masu 550 sun wadatar har da rara, kuma tun da faranti ya yi araha, rarar nan ita ce take cika batir a ranakun hazo da na hadarin damina.

Tsakanin faranti da batir akwai na'urar daidaita caji. Mai arahar, PWM, ta dace da ƙaramin haɗi na fitilu da waya. Ga manyan farantan zamani kuwa sai MPPT, wadda takan ƙwato ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma ita ce take iya sauko da ƙarfin babban faranti daidai da batir. Na'urar da ke juya wutar batir zuwa bolt 220, wadda masu kawo kaya daga Kano da Katsina suke kira inbata, a nemi mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin mai arahar tana sa fanka gurnani, tana kuma gajiyar da injin firji. A tuna cewa firji yana jan ninki uku ko fiye na ƙarfinsa a lokacin tashi. Mai mitar NIGELEC ya fi dacewa da inbata mai haɗa hanya biyu, wadda take ɗaukar rana da layi ta zaɓi wanda yake akwai.

Ba kowa ne yake bukatar duk wannan ba. Mai ɗaki ɗaya ko mazaunin ƙauye da bukatarsa fitila uku da rediyo da cajin waya, ƙaramin haɗi da ya zo cikin kwali ɗaya ya fi masa, musamman wanda ya samu shaidar inganci ta VeraSol, kuma fanka da talabijin masu aiki kai tsaye da bolt 12 suna raba shi da sayen inbata gaba ɗaya. Manomin rani na Jiratawa ko na bakin Gulbi wajen Madarunfa shi ya fi kowa sa'a, domin famfon sola ba ya bukatar batir: rana ta fito ruwa ya hau, a tara shi a tanki ko a kwarara shi cikin zogale da albasa, kuma kuɗin man da injin ban ruwa yake sha ya zauna a aljihu. Abin da zai auna shi ne zurfin rijiyarsa a ƙarshen rani, ba a farkonsa ba, da yawan ruwan da gonar take sha a yini. Mai walda da mai injin niƙa kuwa, ina ganin kada su yi gaggawar sayar da janareta, saboda irin jan da injinansu suke yi yana bukatar jarin da ƙaramin shago ba zai mayar da wuri ba.

Kaya masu kyau ma suna lalacewa a hannun mai haɗi marar sani. Maraɗi tana kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti kudu yake fuskanta, a karkace kamar digiri 15, yadda ruwan sama zai wanke shi ya gangare, kuma a bar tazara tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Inuwar reshen dogon yaro ko ta tankin ruwa a kan kusurwa ɗaya tana iya rage wutar jerin farantan gaba ɗaya. Wayar batir ta zama ta jan ƙarfe mai kauri, gajera, da fis a kusa da kan batir, kuma ƙarafan da suka riƙe farantai a ɗaure su da ginin kansa, domin iskar farkon damina tana ɗaga kwano balle abin da aka ɗora masa. Kafin a biya cikon kuɗi, mai haɗi ya rubuta sunan kowane kaya da lambarsa da tsawon garantinsa a takarda ɗaya ya sa hannu, a kuma riƙe wani kaso har sai kayan sun kwana uku suna ɗauke da firji da fankoki zuwa kiran sallar asuba. Wankin faranti kuwa da sassafe ake yin sa, da ruwa da tsumma mai laushi tun gilashin bai ɗauki zafi ba, sau ɗaya a mako lokacin hunturu, ko sau biyu ga gidan da ke bakin hanyar da ba ta da kwalta.