Manhajar lissafin filayen diyya: tana da sauri, amma ta kusa jefa mu cikin rigima

Ofishinmu ya sayi lasisin wannan manhaja ne saboda aikin wata hanya da za ta ratsa gonaki da filayen jama'a, inda aka ɗora mana fitar da girman abin da hanyar za ta ci daga filin kowane mutum, domin a kansa masu ƙiyasi za su yanke kuɗin diyya. Da farko na yaba ƙwarai. Da zarar an shigar da layin tsakiyar hanya, an faɗa mata faɗin da za a ɗauka dama da hagu, an ɗora taswirar iyakoki, sai ta yanka kowane fili ta jero suna da girma a jadawali.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Wani abokin aikinmu da ya daɗe a harkar safiyo ya lura cewa wata gona da hanyar ta haɗiye gaba ɗaya, wadda shi da kansa ya bi turakunta ya samu hekta 2, wato murabba'in mita 20,000, ta fito da ƙarin kusan murabba'in mita 1,000. Muka ɗebi wasu filayen muka sake lissafa su a QGIS, wata manhajar taswira wadda kyauta ake samunta, sai ga shi kowanne ya kumbura da kusan kashi 5 cikin 100.

Ashe manhajar tana juya duk bayanan da aka ba ta zuwa Web Mercator, wani tsarin zana doron ƙasa a kan taswira, ba tare da ta sanar da kowa ba, domin su hau daidai kan hoton tauraron ɗan adam da take shimfiɗawa, kuma a kan wannan tsarin take auna girma. Duk wanda ya san aikin taswira ya san cewa domin kallo a intanet aka yi tsarin, kuma yana ƙara wa ƙasa girma gwargwadon nisanta daga ikwaita: a digiri 12, inda aikinmu yake, ƙarin ya kai kusan kashi 5, a digiri 60 kuwa fili yakan ninka sau huɗu. Mu a UTM muka kawo bayananmu, tsarin da ya raba duniya zuwa shiyyoyi 60 masu faɗin digiri 6, wanda kuskurensa bai taka kara ya karya ba. Wurin sauya tsarin yana nan, amma an binne shi can cikin saituna, kuma da muka yi ƙorafi amsar da muka samu ita ce an yi bayani a littafin jagora.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne saura kaɗan a karanta wa masu filaye wannan jadawali. Asarar kuɗi ana iya mayar da ita, amma wanda aka shaida masa a bainar jama'a cewa hekta kaza ce tasa, sannan aka dawo aka ce an rage, babu bayanin taswirar da zai gamsar da shi cewa ba cinye masa aka yi ba.

Gaskiya, bayan mun gyara saitin, alƙalumanta sun yi daidai da na QGIS, kuma da injiniyoyi suka karkatar da hanyar a wata kwana, nan take ta sake lissafin filayen da abin ya shafa. Har na fara hucewa. Sai kuma muka gano cewa idan iyakokin maƙwabta biyu suka hau juna, abin da ba a rasa shi a awon filaye, takan ba kowannensu wurin a cike ba tare da gargaɗi ba, wato a biya diyyar wuri ɗaya sau biyu. Sunaye masu ɗauke da ƙ da ɗ kuma suna fitowa a hargitse idan an fitar da jadawalin, sai an bi su da hannu.

Za mu ƙarasa wannan aikin da ita tunda an riga an biya, amma babu jadawalin da zai fita daga ofishinmu sai an gwada shi da filayen da aka auna a ƙasa. Batun sabunta lasisi kuwa, na shaida wa shugaban sashenmu cewa ba na goyon baya.