Tabilet mai lahani a farashi mai rahusa: a saya ko a haƙura?

Ranar wata Asabar ƙanwata, wadda ke koyar da yara a wata Islamiyya a unguwar Mamobi da ke Accra, ta kira ni daga Circle, inda ake kasuwar wayoyi. "Yaya, na samu tabilet a Tip Toe Lane, mai shagon ya sauke mini kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa. Ya ce matsalarsa ɗaya ce, wani lokacin gefen sikirin yana danna kansa." Na ce kada ta tura masa ko sidi ɗaya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sai na iso.

Wanda ke neman tabilet mai matsakaicin farashi a Accra zaɓi uku ne a gabansa: mai kyawun suna amma da lahanin da aka faɗa maka, ko sabo a kwali wanda bai kai shi ƙarfi ba, ko na hannu lafiyayye, irin wanda 'yan kasuwa ke kira hom-yus. Ban ce a guji mai lahani gaba ɗaya ba. Abin da nake dubawa shi ne, lahanin nan a tsaye yake ko tafiya yake yi?

Lahanin da ke tsaye, kamar ƙarzuwa a baya, ko ɗigo ɗaya da ya mutu a sikirin, ko kyamarar baya mai hazo, yadda ka saye shi haka zai zauna. Wani ma da shi aka ƙera na'urar. Lokacin da iPad mini ta shida ta fito a 2021, mutane sun yi ƙorafin cewa idan ana jan rubutu sama da ƙasa, gefe ɗaya na shafin yana ɗan riga ɗayan. Apple ya ce haka sikirin na LCD yake aiki, domin layi-layi yake sabunta hoto. Wani abin na damun idonsa, wani ko lura ba ya yi. Irin wannan, ka karanta shafi biyu a kai a cikin shagon. Idan idonka ya ɗauka, ka yi ciniki.

Mai tafiya kuwa shi ke cin kuɗi. Sikirin mai danna kansa na iya fitowa daga wurare uku, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne. Idan sai an jona caji yake yi, galibi cajar ce ta banza, canza ta kawai. Idan gilashin da ke jin taɓawa ne ya lalace, sai ka tambayi mai gyara yadda aka haɗa fuskar. A iPad ta tara da ta goma gilashin daban yake da sikirin, ana canza shi shi kaɗai. A iPad Air, daga ta biyu zuwa sama, da ire-irenta an manne su wuri guda, dole a sayi fuskar gaba ɗaya, kuma kuɗinta na iya cinye duk ragin da aka yi maka. Na uku shi ne wanda nake tsoro: batir ya kumbura yana tura sikirin daga ciki. Batirin litiyam da ya kumbura ba ya komawa, zafin Accra na ƙara masa, kuma yana iya kama wuta. Abin da yara za su rungume suna karatu bai kamata a yi caca da shi ba.

Bakin caji ma a duba shi da kyau. Ƙurar hunturu na toshe shi, wannan shara ce kawai. Amma idan ka ga tsatsa ko kore-kore a ciki, danshi ne ya shiga, kuma ba lalle a bakin ya tsaya ba. Na'urar da ke mutuwa da kanta ko take zafi ba a aiki da ita, matsalar na iya kasancewa a bod, wato babban allon cikinta, ka ajiye ta.

Sabo a kwali ba shi da daɗin suna, amma yana da garanti. Galaxy Tab A9 mai inci 8.7 da A9+ mai inci 11 sun fito a 2023, kuma kowanne akwai mai ɗaukar sim da mai waifai kaɗai, don haka a tambaya. Redmi Pad SE mai inci 11 yana da batir mai 8,000mAh, abin so ne ranar da aka ɗauke wuta, sai dai ba ya ɗaukar sim. Wanda ba shi da waifai a gida zai riƙa jawo data daga wayarsa, batir biyu na ƙarewa tare. Ga karatun Alƙur'ani, darasin yaran da ke shirin BECE (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare), da kallon wa'azi, waɗannan sun isa. Mai zane ko mai rubutu da alƙalami shi zai dubi Tab S6 Lite, wanda ke zuwa da S Pen.

Na hannu lafiyayye yakan fi duka ƙarfi a kuɗi ɗaya, amma batirinsa ya riga ya yi shekaru. Kada ka biya sai an goge shi a gabanka ka shiga da asusunka. Wanda aka bari a kulle da iCloud ko asusun Google na wani, ko kyauta ne wahala ce.

Da na iso shagon, na cire cajar, sikirin bai daina danna kansa ba. Na ɗaga shi daidai ido na dubi gefensa, sai ga fuskar ta ɗan rabu da jiki ta tsakiya, farce na iya shiga. Na ce wa mai shagon, "Maigida, batirin nan ya tashi." Ya ce zai ƙara ragi. Muka tambayi wani mai gyara a gaba kaɗan kuɗin batir da fuska, muka haɗa da kuɗin saye, sai lissafin ya kusa kamo farashin sabo, ga shi ba garanti.

Ta sayi sabo ƙarami mai ɗaukar sim, muka tsaya sai da aka rubuta lambar na'urar a kan rasit. Rubutun ya fi ƙanƙanta da yadda ta so, shi ya sa take ƙara girmansa idan za ta biya wa yara karatu. Layinta na MTN na ciki tun ranar.